Numfashin Inji: Tarihin Masu Sayar wa Mota Iska

Duk wanda ya taɓa zama a maƙera, ya ga yadda gawayin da ya yi sanyi yake farfaɗowa ya yi jawur da zarar yaron maƙeri ya danna zugazugi, ba ya bukatar a kafa masa hujja a kan cewa wuta ba ta ci sai da iska, kuma gwargwadon iskar da ta samu gwargwadon zafinta. To, injin mota ba wani abu ba ne illa wuta da aka kulle cikin ƙarfe aka sa ta bauta, kuma hukuncin da ya hau kan wutar maƙeri shi ne ya hau kanta. Masana sun auna sun tarar cewa kafin kilo ɗaya na fetur ya ƙone ƙurmus sai ya gamu da iska mai nauyin kilo 14.7, wato kowace lita ɗaya da aka zuba a tanki tana neman iska wajen lita 9,000. Mai da kuɗi ake sayensa, a bi layi a kansa, wani lokaci har a ba hammata iska. Ita kuwa iska Allah Ya hore ta kyauta. Amma duk da haka, a ƙasar Amurka an sami wata sana'a mai ƙarfi wadda hajarta ita ce hanyar da wannan iska ta kyauta take bi ta shiga inji.

A can, inda a-kori-kura ta zama abin hawan manomi da magini da ma'aikacin ofis baki ɗaya, har ƙirar Ford da ake kira F-Series ta riƙe kambin ciniki a cikin motocin ɗaukar kaya tun 1977, mutum yakan sayo mota sabuwa gal, tun bai ɓare ledar kujera ba ya kwance akwatin iskar da kamfani ya ɗaura, ya maye gurbinsa da wani ƙaton bututu mai ƙyalli wanda aka ƙwama wa mataci mai siffar jinkar ɗaki. Masu sayar da wannan kaya suna da da'awa biyu: cewa motar za ta ƙara ƙarfi, da cewa za ta rage shan mai. Mai karatu zai so a ce masa i ko a'a a wuce wurin. Sai dai malamanmu na fiƙihu sun koya mana cewa hukunci yana tafiya ne tare da illarsa, in ta tabbata ya tabbata, in ta gushe ya gushe, kuma ban san wata mas'ala ta ƙarfe da wannan ƙa'ida ta fi dacewa da ita kamar wannan ba, domin jawabin da yake gaskiya a zamanin kakan mai motar ya daina zama gaskiya a zamanin jikan, alhali lafazin tallar bai sake ba.

Injinan farko ba su da mataci ko kaɗan. Sa'ad da Bajamushen nan Nikolaus Otto ya kammala injinsa mai aiki hawa huɗu a 1876, wato ya shaƙa, ya matse, ya ƙona, ya fitar, da sa'ad da Gottlieb Daimler ya ƙera motar kaya ta farko a 1896, hankalin maƙeran duk yana kan yadda wutar za ta kama, ba kan abin da iska take ɗauke da shi ba. Ita kanta Model T ta Henry Ford, wadda ta fito a 1908 ta cika Amurka, haka ta riƙa barin masana'anta da hancinta a buɗe. Ƙura kuwa, duk laushinta a tafin hannu, niƙaƙƙen dutse ce, in ta shiga inji ta cakuɗa da baƙin mai sai ta koma tamkar dutsen washi, ta yi ta cin ringi da bangon silinda a hankali har inji ya saki. A birni cutar ba ta bayyana da wuri. A gona ne asirinta ya tonu, inda tarakta take yini cikin ƙurar da ita kanta take tayarwa.

A shekarar 1915 wani dillalin kamfanin tarakta daga jihar Minesota, mai suna Frank Donaldson, ya je jihar Yuta wurin wani manomi wanda taraktarsa ta ƙi zama lafiya, kullum a gyara ta ta sake mutuwa. Da ya gane cewa ƙurar gonar ce sababi, sai ya lanƙwasa waya ya yi ɗan keji, ya lulluɓe shi da ƙyalle mai laushi, ya ɗora shi a kan dogon bututu don inji ya riƙa shaƙa daga sama. Tarakta ta tashi ta ci gaba da aiki. Daga wannan keji aka kafa kamfanin da har yau yake ɗauke da sunansa, yana yi wa manyan motoci da injinan haƙar ƙasa matatai. Abin lura a nan shi ne asalin sana'ar tun daga tushenta tsare inji ne daga halaka. Zancen ƙarin ƙarfi baƙo ne da ya zo daga baya ya tarar da masu gida.

Dabarar da ta yi mulki bayan wannan, har tsawon shekaru wajen arba'in, ita ce matacin kwanon mai, kuma tsofaffin bakanikenmu da suka yi aiki a kan Land Rover da Volkswagen na da sun san shi sarai. Hikimarsa mai sauƙi ce, mai ban sha'awa: iska takan sauko ta bututu da gudu ta doshi wani kwano mai baƙin mai, sai a tilasta mata yin kwana nan take ta koma sama; ƙura mai nauyi ba ta iya wannan kwana, sai ta faɗa cikin man, ragowar kuma wata curarriyar waya da mai ya jiƙa ta kama ta. In ya cika a zubar da laka, a wanke da kananzir, a zuba sabon mai, ba a sayi kome ba. Manoman Oklahoma da Kansas da Tekzas, waɗanda fari ya auka musu a shekarun 1930 har guguwar ƙasa ta riƙa mai da rana dare, kamar yadda ta yi ranar 14 ga Afrilu 1935, ba su bukaci mai talla ya gaya musu amfanin wannan kwano ba.

Yaƙin Duniya na Biyu ne ya fito da mas'alar fili ya ɗora ta a kan mizani, kuma ƙasarmu tana da ɗan rabo a labarin. Tun daga 1940 Ingilishi suka riƙa sauke jiragen yaƙi a Takoradi cikin akwatuna, su harhaɗa su, su taso da su ta Ikko da Kano da Maiduguri da Fort Lamy da Fashir da Hartum har Masar, inda ake gwabzawa da Jamus da Italiya. Injinan da aka ƙera don sararin Ingila mai laima sai ga su suna ƙarewa da wuri a cikin rairayin sahara. Maganin da aka samu shi ne wani ƙaton mataci na kamfanin Vokes da aka rataya a ƙarƙashin hancin Hurricane da Spitfire, mai kama da maƙoƙo, wanda ya tsare inji amma ya rage wa jirgi gudu, abin da matuƙa ba su so ba, domin a sararin yaƙi ɗan gudun nan shi ne tsakanin mutum da ajalinsa. Daga baya ma'aikatan wani sansanin gyara da ke Abukir a Masar suka ƙera ƙarami wanda bai kai wancan tare iska ba. Ba wanda ya ce a cire mataci gaba ɗaya. Kowa ya gane cewa ciniki ne na ba ni gishiri in ba ka manda: ƙofar da ta fi sakin iska ta fi sakin ƙura, wadda ta fi tsare ƙura ta fi tauye numfashi, kuma dukan fasahar da aka yi daga wannan rana zuwa yau neman tsaka-tsaki ne a tsakanin waɗannan biyu.

Sai ga wata jama'a dabam, wadda ba ruwanta da tsawon ran inji. Samarin Kalifoniya ne, waɗanda tun kafin yaƙi suke kwashe tsofaffin Ford su kai su busassun tafkunan hamada irin su Muroc su yi tsere. Wanda bukatarsa ita ce ya riga abokinsa isa ƙarshen fili, gobe ya kwance inji ya sake ɗaurawa, ba zai damu da abin da ƙura za ta yi a cikin shekara biyar ba. A cikinsu ne Vic Edelbrock, wani bakanike na Los Anjalas, ya ƙera a 1938 wani bututun shigar da iska mai ɗaukar kafireto biyu, abokan tsere suka gani suka nema, gareji ya zama masana'anta. Mujallar Hot Rod ta fara fita a 1948 ta kai labarinsu kowane lungu, a 1963 masu ƙera irin wannan kaya suka kafa ƙungiyarsu ta SEMA, suka yi bajekolinsu na farko a 1967 a ƙarƙashin rumfunan filin wasa na Dodger, kafin su ƙaura Las Begas a 1977. Su ma manyan kamfanoni, da suka ga inda zuciyar matasa ta karkata, sai suka shiga huda bonet suna yin hanci a kansa, kamar yadda Pontiac ya yi a tsakiyar shekarun 1960 da abin da ya kira Ram Air.

A cikin wannan zamani ne kuma takarda ta kori kwanon mai. Takarda ce ta musamman da ake naɗewa kamar mafici, don a sami fili mai yawa a ƙaramin wuri. Ta fi kwano tsare ƙura mai laushi, ba ta zuba, amma in ta toshe sai a jefar a sayi wata. Wasu mutum biyu masu shagon babur a Kalifoniya, Ken Johnson da Norm McDonald, waɗanda suka ga yadda take saurin toshewa a tseren da ake yi cikin turɓaya, suka fito a 1969 da mataci na auduga mai shara-shara, wanda aka matse tsakanin ragar waya biyu aka shafa masa mai, ana wankewa a mayar; harufan farko na sunayensu ne suka zama K&N. Dole a yi musu adalci: ga mai tseren babur wannan magani ne na cuta ta gaske. Abin da ya biyo baya shi ne hajar ta fita daga filin tsere ta shiga kantunan kayan mota, ta riski mutumin da iyakar tserensa daga gida zuwa wurin aiki ne.

To, mene ne illar da ta sa da'awar masu wannan haja ta kasance gaskiya a wancan lokaci? Kafireto ne. Shi kafireto ba ya gani, ba ya lissafi. Iska ce take wucewa ta wani ƙuntataccen maƙogwaro, saurinta ya tsotso fetur daga ɗan rami, kuma in aka toshe masa baki daga waje sai tsotson ya ƙaru, mai ya yi yawa, iska ta yi kaɗan, daidai da abin da direba yake yi da gangan in ya ja cok da sanyin asuba. Motar da matacinta ya toshe, ke nan, tamkar mai yawo ce da cok a jaye, tana baƙin hayaƙi tana israfi da mai, kuma wanda ya buɗe mata numfashi zai ga bambanci a aljihunsa. Ga shi kuma injinan lokacin suna shaƙar iskar cikin bonet ne mai zafi, har daga ƙarshen shekarun 1960 aka riƙa jawo musu iska da gangan daga jikin bututun hayaƙi in gari ya yi sanyi. Shi ya sa wata al'ada ta yaɗu a tsakanin samarin Amurka ta kife murfin mataci a ɗaure shi a birkice, don iska ta shiga ta ko'ina. Ina kuma zaton wani abu ya ƙara dasa wannan aƙida a zukata: har zuwa 1971 kamfanonin Amurka suna auna ƙarfin inji ne tsirara a kan benci, ba mataci ba salansa, da aka koma aunawa da kayansa duka a jiki a 1972 sai alƙaluma suka zube, jama'a suka ɗauka cewa akwai wasu dawakai da aka ɗaure a cikin inji suna jiran mai kwance su.

Shekarun 1970 sun zo wa sana'ar da kasuwa, sun kuma zo mata da abin da zai rushe hujjarta, duka a lokaci guda. Da ƙasashen Larabawa suka hana Amurka mai a 1973, layi ya miƙe a gidajen mai, sai duk mai wata 'yar dabara ya fito da ita yana rantsuwa tana rage sha. Aka farfaɗo da tsohon labarin Charles Pogue, mutumin Kanada da aka ce a shekarun 1930 ya ƙera kafireto mai tafiyar mil 200 da galan ɗaya, labarin da bai taɓa samun shaidar da za ta tsaya gaban alƙali ba. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta gwada irin waɗannan na'urori fiye da ɗari a cikin shekaru, ba ta sami wadda ta rage shan mai ragi na a zo a gani ba. A ɗaya ɓangaren kuma, dokar tsabtace iska ta 1970 da dokar ƙayyade shan mai ta 1975 suka matsa wa kamfanoni lamba har kafireto ya kasa. A 1976 Volvo da Bosch suka fito da 'yar na'urar da take sansana hayaƙi ta gaya wa kwamfuta ko mai ya yi yawa ko ya yi kaɗan. Aka sa wata a bakin inji tana auna iskar da ta shigo. Nozul ya karɓi aikin fesa mai. Wajen 1994 aka sayar da sabuwar mota ta ƙarshe mai kafireto a Amurka, kuma a-kori-kura ce ta Isuzu.

A nan ne illar ta gushe, kuma wurin ya cancanci a tsaya a kansa. A cikin injin fetur akwai wani ƙyaure a kan hanyar iska, wanda ƙafar direba take buɗewa in ya taka totur. A tafiya ta yau da kullum wannan ƙyaure a saye yake, ɗan kaɗan aka buɗe, wato direba da kansa ne yake shaƙe injin da gangan don kada motar ta kwasa da gudu. Misalinsa kamar maigidan da ya tsaya a ƙofar cikin gida yana shigar da baƙi ɗaya bayan ɗaya: in ka rushe ƙofar zaure ka faɗaɗa ta, ba ka ƙara yawan masu shiga ba, domin ba a zaure aka tare su ba. In bututun da aka saya ya sauƙaƙa wa iska hanya, direba zai ɗan sassauta ƙafarsa bai ma sani ba, iskar da ta isa silinda ta koma yadda take, kwamfuta ta auna ta ta ba ta rabonta na mai daidai da jiya. In kuwa ya taka har ƙasa iska ta ƙaru da gaske, to kwamfuta za ta ƙara mai gwargwadonta, domin ƙarin ƙarfi ba daga iska kaɗai yake fitowa ba, daga man da iskar ta ba da damar ƙonawa ne. Da'awar biyu, ashe, kishiyoyi ne da aka ajiye a ɗaki ɗaya.

Wannan ba ƙiyasi ne kawai ba, an jarraba shi. A 2009 masu bincike a ɗakin gwaji na gwamnatin Amurka da ke Oak Ridge, a jihar Tenesi, suka ɗauki motoci uku na zamani, Buick da Dodge da Toyota Camry, da wata tsohuwar Pontiac ta 1972 mai kafireto, suka toshe musu matatai da gangan suka auna. Motocin zamani ba su nuna wani canji a shan mai ba, sai dai sun yi nauyin tashi, har sabon mataci ya kyautata saurin ɗaukarsu da kashi 6 zuwa 11 cikin ɗari. Tsohuwar kuwa ta nuna abin da kakanni suka sani: sauya mata mataci ya rage sha da 'yan kashi kaɗan, har ya kai kashi 14 sa'ad da toshewar ta yi tsananin da motar ba ta tafiya daidai. Bayan 'yan shekaru suka maimaita gwajin a kan motoci masu shan gas, sakamakon bai yi nisa da na farko ba. To, in toshe hanci bai ƙara wa motar zamani sha ba, ta yaya buɗe shi fiye da na kamfani zai rage mata?

Batun ƙarfi yana da ƙamshin gaskiya fiye da batun mai, amma shi ma sai an sa masa ma'auni. Iska mai sanyi ta fi mai zafi cika, kuma kowane digiri uku da aka rage yana ƙara mata nauyi da misalin kashi ɗaya cikin ɗari. Duk direban da ya hau tsaunin Jos da kaya, inda tudu ya kai wajen mita 1,200 iska ta yi shara-shara, ya ji a ƙafarsa yadda inji marar turbo yake kasala in abincinsa ya ragu. Saboda haka in bututu ya sanyaya iska da digiri goma, iyakar abin da lissafi zai ba injin mai ƙarfin doki 300 shi ne doki goma ko ƙasa da haka, shi ma sai an taka totur har ƙasa inji yana kururuwa, halin da mai hankali ba ya daɗewa a cikinsa. Sai dai kamfanonin yanzu sun riga sun jawo iskarsu daga wajen bonet, ta bayan fitila ko ta gefen taya, kuma sau da yawa wanda ya cire akwatinsu ya bar mataci tsirara kusa da inji ya koma shaƙar iska mai zafi da kuɗinsa. Abin da ba ya kuskurewa shi ne ƙara. Akwatin kamfani yana da wasu 'yan ɗakuna da aka yi musamman don su haɗiye gurnanin iska; in an cire su mota takan yi ruri kamar zaki, kunne ya kai wa zuciya rahoton cewa ƙarfi ya ƙaru, kunne kuwa a wannan shari'a ba adalin shaida ba ne. Mai jin daɗin rurin ma yakan yi ta taka totur don ya ji shi, tanki ya biya.

Injin gas, wanda Rudolf Diesel ya tayar a Augsburg a 1897, hukuncinsa dabam ne, domin a asalinsa ba shi da wancan ƙyaure: kullum yana shaƙar iska fiye da bukatarsa, mai ne ake ƙara masa ko a rage. Zugazuginsa shi ne turbo, wanda Alfred Büchi na Suwizalan ya yi wa rajista a 1905, kamfanin Saurer ya fara sa shi a motar kaya a 1938: hayaƙin da zai tafi a banza ne yake juya farfela, ita kuma ta cusa iska cikin inji da ƙarfi, bayan an ratsa da ita ta wani lagireto an sanyaya ta. Tun da Dodge ya sa injin Cummins a a-kori-kurarsa a 1989, Ford ya biyo da Power Stroke a 1994, General Motors da Duramax a 2001, masu waɗannan motoci suka zama manyan abokan cinikin sana'ar. Wanda ya sake wa kwamfuta lissafi ya ƙara mai sosai, ko ya ɗaura turbo mafi girma, shi kam yana iya isa inda akwatin kamfani zai yi masa kaɗan, a nan babban bututu yana da aiki. Wanda bai taɓa kome ba sai bututun, turbo da kwamfuta za su kai iska inda aka umarce su su tsaya. Hujjar da ta fi gamsar da ni, duk da haka, ba ta ɗakin gwaji ba ce. Kamfanonin jigila na Amurka, waɗanda tirelarsu ɗaya takan yi mil 100,000 a shekara, waɗanda suke lissafin mai kamar mai awon zinariya, har suna rataya wa tirela zane a gefe don rage tirjiyar iska, har yau busasshen mataci irin na takarda suke sawa, sau da yawa da wani ƙarami a cikinsa don ko-ta-kwana. Da akwai riba a matacin auduga, da ba su bar wa samari shi ba.

Akwai kuma farashin da ba a rubuta shi a jikin kwali. Ana gwada matatai da wata ƙura ta musamman wadda asalinta daga hamadar Arizona ne, a auna nawa aka hura nawa ya wuce, kuma galibi wanda ya fi sakin iska shi ya fi barin ƙura ta wuce. Bambancin a ido ƙanƙane ne: a ƙaddara wani ya tsare kashi 99.9 wani ya tsare 99, mai saye zai ce duk ɗaya ne, alhali na biyun yana shigar wa inji ninki goma na abin da na farkon yake shigarwa. In kuma mai wankewa ya cika wa audugar mai, akan yi ƙorafin cewa man yana bin iska ya ɓata siririyar wayar da take auna ta. General Motors ya taɓa gargaɗin garejinsa a kan haka, masu ƙera matatan kuma suna musantawa. Bututun da aka saukar ƙasa don neman sanyi yakan zuƙi ruwa in an ratsa kududdufi, ruwa kuwa ba ya matsuwa, sai ƙarfe ya lanƙwashe. Doka ta shiga tsakani ta raba gardama rabi da rabi: tun 1975 kamfani ba shi da ikon soke garantin mota don kawai an sa mata kayan wani, sai in kayan ne ya jawo ɓarnar, amma a Kalifoniya ba a yarda a hau titi da bututun da hukumar iska ta jihar ba ta ba shi lamba ba.

Mu da muke zaune a ƙarƙashin hazon da iskar hunturu take kwasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, wanda yake cikin wuraren da suka fi ko'ina tayar da ƙura a duniya, mun fi kusa da manomin Yuta fiye da samarin tafkin Muroc, ko da yake hotunan samarin ne suke iso mu ta waya. Abin da ya fi damuna ma ba bututu mai ƙyalli ba ne, wanda kaɗan ne suke da kuɗinsa; al'adun garejinmu ne. Na sha ganin an ciro mataci ana buga shi a jikin taya, ko a sa masa iskar faci mai ƙarfi har takardar ta yi huda da ido ba ya gani, ko mota ta ƙi ja a ce da yaro ya cire shi ya jefa bayan kujera sai an isa gida, ba a kuwa tashi tunawa da shi sai inji ya fara shan baƙin mai yana shuɗin hayaƙi, a ce ai ringin yanzu ne ba su da kyau. Ga wani abu da bakanike da yawa ba su yarda da shi ba sai sun gani: matacin takarda da ya ɗan yi aiki ya fi sabo tsare ƙura, domin ƙurar farko da ta kwanta a kansa ita kanta rariya ce, shi ya sa ake sa wa manyan motoci wata 'yar alama da take yin ja in lokacin sauyi ya yi, don kada a riƙa buɗe akwati ba dalili.

Gyara ɗaya na hanyar iska da mutanen sahara suka karɓa hannu biyu-biyu shi ne wanda bai yi musu alkawarin doki ko ɗaya ba. Wanda ya ga Land Cruiser da Hilux da suke tashi daga Agadas su nufi Dirku ya ga wani baƙin bututu da ya bi gefen gilashin gaba ya hau har saitin rufi, don inji ya shaƙa daga inda ƙurar taya ba ta kai yawa ba, dabarar Donaldson ce ta 1915 ta dawo cikin rigar roba. Wasu sukan ɗora masa wani ɗan kwano a kai, mai juya iska kamar guguwa ya watsar da yashi gefe tun bai isa takarda ba. In an yada zango da magariba, kafin a ɗora shayi, yaron mota yakan hau ya kwance kwanon, ya juye abin da ya taru a ciki a ƙasa, ya goge shi da gefen rawaninsa, ya mayar ya ɗaure.